Akwatin Busar da Ƙafafun Inna

Daminar da ƙafafun Inna suka fara ciwo, ina da rumfar gyaran fanka da dutsen guga a Hayin Banki. Gidanmu kuwa yana Unguwar Dosa, ɗaki uku da tsakar gida, inda nake zaune da matata da 'ya'yanmu mata biyu, da Inna, mahaifiyata, wadda na ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar Baba. A farkon shekarun casa'in ke nan.

Inna mace ce mai jiki, ga ciwon baya, ga ciwon sukari. Sunkuyawa ta zame mata aiki. In za ta yi alwala sai ta zauna a kujera, ta kwarara ruwan buta a ƙafa, ta miƙa hannu da ƙyar ta cuɗa, sannan ta zura silifa a jiƙe ta tashi. Ba ta kuma son zama babu alwala, don haka ƙafar nan kusan wuni take yi da lema. Da ruwan sama ya kankama, tsakar gida ba ta bushewa, sai cin ruwa ya kama tsakanin yatsunta. Wurin ya yi fari, ya tsattsage.

Matata ce ta gani, muka kai Inna asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta wanke ciwon ta ja ni gefe ta ce, "Mai ciwon sukari ba a wasa da ƙafarsa. Duk lokacin da ta taɓa ruwa a busar, har tsakanin yatsu. Kuma ku lura, ba ta jin zafi a tafin ƙafa kamar ku."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Da la'asar na kawo tawul na durƙusa a gaban Inna. Sai ta janye ƙafafunta ƙarƙashin kujera, ta kau da kai. Ni ne ɗanta na fari. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, in tana son magana da ni sai ta bi ta kan wani. Ta dubi matata ta ce, "Ki ce masa ya tashi. Ƙasa da sanyi."

Matata ta karɓi tawul ɗin, Inna ta bari kwana biyu, a na uku ta ce ita ba gawa ba ce da za a riƙa shafe ta sau bakwai a yini. Daga nan ta koma yin alwala a ɓoye, lokacin da matata ke ɗakin girki.

Dabarar farko ta matata ce. Ta zuba garwashi kaɗan a kaskon turare, na ɗora ragar waya a kan bulo biyu, Inna ta riƙa ɗora ƙafa a sama. Ta ji daɗin abin, har gyangyaɗi take yi a wurin. Ran nan da safe matata ta kira ni ta nuna mini diddigen Inna. Ya yi bororo kamar ƙwayar gyaɗa, ita kuwa ba ta ma san ta ƙone ba. Ranar na kasa cin abinci. An gaya mini a fili, na ji, na kuma kawo wuta da hannuna na sa a ƙarƙashin ƙafarta.

Da ƙunar ta warke sai na kawo ƙaramar fanka daga rumfa na ajiye a ƙasa. Inna ta ce iskar na shiga mata ƙashi. Ga waya kwance a simintin da ruwan alwala ke bi. Wata rana matata ta zo ɗauke fankar da jiƙaƙƙen hannu, wuta ta fizge ta. Ba ta ji ciwo ba, amma na tsinke wayar nan take. Ban da haka ma, rabin yini babu wuta a unguwa.

Na yi mako guda ina zane a bayan kwalin sabulu a rumfa. Abin da nake so shi ne iska mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, wadda ba ta haɗu da wutar gida ba, kuma wadda Inna za ta kunna ba tare da ta sunkuya ba. Maƙwabcin rumfata bakanike ne, dattijo Bazazzagi mai yawan tsokana. Ya leƙa zanen ya ce, "Jirgin sama za ka ƙera?" Da na yi masa bayani sai ya shiga bayan garejinsa, ya ciro ɗan injin da ke hura iska cikin mota daga wata matacciyar tasi. Ya ce, "Da batirin mota yake aiki. Ko a cikin ruwa ka taɓa shi ba zai ja ka ba." Ya haɗa mini da tsohon batir.

Wani kafinta ya yi mini akwati mai tsawon kamu biyu, samansa katako ne sirara da rata a tsakani, a ɗan karkace don ruwa ya gangara waje. Na sa injin a can baya, inda ɗigo ba zai kai ba. Don ɗumi, na jera ƙwan fitilar mota biyu a hanyar iskar, na rufe su da gwangwani. Na gwada da uku tukuna, na ɗora ƙafata har na gama cin kwanon shinkafa, sai na ji tafin ya fara zafi. Na cire ɗaya. Da biyu, ko awa ka yi a kai, ɗumin bai wuce na tafin hannun mutum ba. Makunnin kuwa na ƙofar firji ne, na dasa shi a ƙarƙashin inda diddige ke sauka. Ka ɗora ƙafa ya kama, ka ɗauke ya mutu.

Na kawo shi gida a bayan babur ina jin kaina. Matata ta jiƙa ƙafarta ta hau, ta jira, ta sauko ta buɗa yatsunta ta nuna mini. Tafin ya bushe ƙarau, tsakanin yatsu kuwa ruwa na nan kwance.

"Malam, inda ciwon yake ai iskar ba ta zuwa," in ji ta.

Na zauna a bakin ƙofa. Ita kuma tana ta juya silifarta a hannu. Can ta ce, "Ka ga wannan igiyar da ke shiga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi? Da guda huɗu ne, kuma da iska ke fitowa ta cikinsu fa?"

Washegari na samo siririyar robar da ake jan mai da ita a babur, mai laushi. Na yanka guntaye takwas, na huda su ta gefe, na goge bakinsu da takardar yashi har na shafa a leɓena ban ji kaifi ba. Saura awo. Inna ba za ta bar ni in auna ƙafarta ba, don haka matata ta shimfiɗa kwali a ƙofar ɗaki, Inna ta taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba ta sani ba, muka bi sawun da fensir kafin ya bushe. Da wannan awon na kafa robobin a saman akwatin, na haɗa su da hanyar iskar.

Ranar da aka gama, na ajiye akwatin kusa da kujerar alwalarta kafin azahar, na shige ɗaki na bar labule a ɗan buɗe. Ta fito da butarta, ta dubi abin ta daɗe. Ta yi alwala. Sannan ta ɗaga ƙafar dama a hankali ta ɗora. Injin ya ɗauki gurnani, ta zabura ta janye, ya mutu. Ta sake ɗorawa, ya kama. Ta janye, ya mutu. Sau huɗu tana yi, sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya take yi, ta rufe baki da gefen mayafi. Daga nan ta jera ƙafafun biyu, ta gyara yatsu a kan robobin, ta ɗauki carbinta.

Da yamma ina cin tuwo ta ce wa matata, da ƙarfin da zan ji, "Ki gaya wa mai gidanki na hagu ya fi na dama iska." Na gyara a ranar. Bayan kwana biyu na tarar ta ɗinka wa akwatin riga da ragowar atamfa, don kada ƙura ta shiga.

Kafin kaka ta shigo ciwon ya rufe. Ma'aikaciyar jinyar ta duba tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi abin da muke shafawa. Inna ta ce iska.

Duk ranar Juma'a nakan ɗauki batirin zuwa garejin dattijon a yi masa caji, in dawo da shi kafin la'asar. A 'yan awannin nan Inna takan riƙe alwalarta tun ta safe, ko ruwa ba ta sha da yawa, har sai ta ji ƙarar babur ɗina a ƙofar gida.

Labari ya bazu wurin tsofaffin unguwa. Wata ƙawarta mai sayar da daddawa ta riƙa zuwa takanas da azahar, su yi alwala tare, su yi layi a kan akwatin suna gardamar wadda ta fi daɗewa. Wani malamin allo daga Kinkinau, wanda ƙafarsa ta kumbura, ya aiko a tambaya ko zan yi masa irinsa. Na yi masa, na yi wa wasu mutum uku. Kowanne sai da na sa aka taka kwali aka kawo mini sawu, domin babu ƙafa biyu da yatsunsu suka zo ɗaya.

Inna ta yi shekara shida tana amfani da nata. Sau biyu na canza injin, ƙwan fitila kuwa ban san adadi ba. Ciwon da ya ɗauke ta a ƙirji ya zo, cikin 'yan kwanaki. Matata na cikin waɗanda suka yi mata wanka. Bayan an dawo daga maƙabarta, mutane sun ragu, ta zo ta zauna kusa da ni a tabarma ta ce, "Malam, na duba ƙafafunta. Ko tabo babu."