Wa Zai Ɗaure Takubban Nan, Bapa Somirado?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Rajab, da hantsi, Allah ya karɓi ran Bapa Somirado, maƙerin ƙauyenmu na bakin tafkin Lanao. A gindin zugazuginsa ya faɗi, gawayi bai gama kamawa ba. Ina dakan barkono labarin ya same ni, kuma wallahi tsoro ya riga hawaye zuwa.

Ka yafe mini, Bapa. Kowa yana kukan rashinka, ni kuwa ina haɗawa da kukan abin da ka bari rataye a bangon maƙerarka.

Babu gidan da ba ya cin abinci da aikin hannunka a garin nan. Addar saran gona, wuƙar kankare kwakwa, 'yar ƙaramar wuƙar da muke yanke zangarniyar shinkafa, duk daga ƙarƙashin masabarka suka fito. Mace ta kawo maka wuƙa ta dakushe, sai ka jujjuya ta ka ce, "Da wannan kike yanka kifi, ko lallashinsa kike ya rabu biyu?" Kafin ta gama dariya ka wasa mata ita.

Amma ni Rocaya, abin da ka yi mini ya wuce wasa wuƙa. Mangontawar yayana ne, Macapado mijina. Shekarar da rikicin iyakar gona ya ci rai ɗaya a gidanmu, ɗaya a gidan su mijina, dattawa sun yi sulhu, an rantse, amma kowa da ido ɗaya yake barci. A wurinmu ba a fita ɗaukar fansa sai an zare kampilan, doguwar takobin gado, ko da bindiga za a yi aikin da ita. Kai ne ka miƙe ka ce, "Ku kawo takubban gidajen nan biyu wurina. Kakana ya ƙera su duka biyun, 'yan uwa ne, ba za su yi faɗa a bangona ba."

Ka ɗaure kowace ƙota da kubenta da igiyar kurmi, ka rataye su kusa da juna. Igiyar takan bushe, don haka duk bayan girbi sai ka kira mazan biyu, ka yanke tsohuwa ka ɗaura sabuwa a kan idonsu, ka tilasta musu cin shinkafa a faranti ɗaya. Sun yarda da hannunka ne saboda gidanku daga ƙetaren tafki ya zo, ba ku haɗa jini da kowa ba. Sauran mutanen garin nan, duk wanda ka taɓa dangin ɗayansu ne. A inuwar ƙullin nan naka na raini ɗana Disoma har ya zama saurayi.

Bana ka ce sai ka gama addunan mutane tukuna kafin ka sake igiyar. Ba ka gama ba, Bapa.

Jiya na je gaida matarka, Babu Sinab, wato gwaggo Sinab a yarenmu, na leƙa maƙera. Igiyar ta tsage, duka biyun. Ina nan tsaye wani ɗan uwan mijina ya durƙusa ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Babu, in mai riƙon amana ya rasu, ai kaya wurin masu su suke komawa, ko?" Yayana yana bakin ƙofa, ya ji, ya juya ya tafi. Na san irin tafiyar nan tasa tun muna yara.

Na je wurin liman ina kuka, ya yarda zai ɗaure, yayana ya ce ai kawun Macapado ne. Na roƙi dattijon unguwarmu, mijina ya ce kada in sake kawo masa sunan mutumin. Na ce to ni in ɗaure, dukansu suka tambaye ni da sunan wane gida. Na rasa inda zan sa kaina. Ranar Talata, ranar addu'ar bakwai, za su zo karɓar takubban.

Yau da safe Disoma ya same ni ina wanke shinkafa, ya kira ni Ina, yadda muke kiran uwa, ya ce, "In an sauke su, bayan wacce zan tsaya? Ta babana ko ta kawuna?"

Ya Allah ka jiƙan Bapa Somirado, ka haskaka kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya mana gari. Babu Sinab, da 'ya'yansa mata, da dangi na ƙetaren tafki, Allah ya ba ku haƙurin rashi. In akwai wanda ya iya ƙulli a cikinku, don girman Allah ya hau kwalekwale ya zo kafin Talata. Ɗa ɗaya gare ni.