Kazar Iya da Ruwan Kurudu

A Abaji na girma, a hannun kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya. Lokacin sabuwar doya, bayan magariba, takan tura doya cikin garwashi, mu kewaye murhu, mu da yaran maƙwabta. Iya ba ta ɗaga murya. In surutu ya yi yawa sai ta yi shiru tana juya doyarta, har mu tsawata wa junanmu.

Akwai tatsuniyarta ta wata kaza mai 'yan tsaki. Kullum kafin su fita kiwo sai kazar ta ce, "Ku kiyayi shirwa. Kun gane?" Su ce, "Mun gane." Rannan shirwa ta sauko ta sure ɗaya, sauran suna tsaye suna kallo. Kaza ta tara su ta ce, "Ban gaya muku ba?" Ƙaramarsu ta ce, "Inna, mu a ƙasa muke duba ta. Mun zaci ƙafa huɗu gare ta kamar kare."

Nan Iya takan dakata ta dube mu. "To, laifin wa?" Mukan ce na 'yan tsaki ne. Sai ta girgiza kai. "Uwar ta faɗa, amma ba ta tambayi abin da suka ji ba." Washegari, in ji ta, kaza ta kai su fili, ta nuna musu yadda inuwa ke giftawa a ƙasa, ta sa kowace ta faɗi da bakinta inda za ta ɓuya.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Kurudu. Ajina cike yake, kuma kusan kowane yaro da yaren gidansu. Da damina ta kama, shugaban makaranta ya ce mu ja musu kunne kan ambaliya. Na yi bayani, na ce, "Kun gane?" Suka amsa baki ɗaya. Har na ɗauki alli, sai na ajiye, na kira wata yarinya mai suna Ladi.

"Ladi, mece ce ambaliya?"

"Malama, ruwan nan ne na talabijin, mai cinye gidaje."

"Na kwarin bayan makaranta fa?"

"Wannan ai ruwa ne kawai. Ta ciki nake bi da ƙanena."

Na fita da ajin gaba ɗaya zuwa bakin kwarin. Na nuna musu ledoji da ruwan jiya ya rataye a reshe, sama da kan Ladi. Kowa ya faɗa mini hanyar da zai bi gida in an yi ruwa.

Ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga yara. Sai da na tsaya gaban aji na gane da manya Iya take. A ranar nan, Ladi ta zagaya ta titi, ta isa gida a makare, riƙe da hannun ƙanenta.