Maganar da Na Ara a Bakin Yaya

Shekara talatin da 'yan kai ina wasan kwaikwayo, ban taɓa fitowa a mutumin kirki ba. Fuskata ce ta ja mini. Tun muna firamare a Birnin Gwari malaminmu ya dube ni ya ce wannan jan ido da kaurin murya ba su yi kama da liman ba, sai dai ɓarawon akuya. Da na koma Kaduna aka ƙara mini girma a dandamali na zama ɓarawon shanu, a talabijin na zama mai gidan haya marar imani, 'yan fim kuma suka riƙe ni a boka da ɗan daba. An ɗaure ni, an harbe ni, an tsine mini ba adadi. Yanzu gwiwoyina sun gaji da faɗuwa, balle darakta ya ce a sake ɗauka.

A sana'armu ba kasafai ake miƙa maka takarda ka haddace ba. Darakta zai ce ga abin da ya faru, ga ko kai wane ne, je ka tsorata wancan, sai a kunna kyamara. Maganar daga cikinka za ta fito. Shi ya sa kunnen ɗan wasa kullum a buɗe yake, a mota, a teburin mai shayi, a gidan suna. Abin da ya ji ya ajiye. Haka nake yi, kuma ban taɓa ɗaukarsa sata ba.

Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana aure a wani ƙauye a yankin Kuyello. Ita kaɗai ta rage mini wadda in ta dube ni ba mugun nan take gani ba. Auta take ce mini, har da furfurata. In an yi sa'ar sabis takan zuba mini labari a waya har kunnena ya yi zafi, daga tsadar taki zuwa wadda ta haihu. Ba ni da mata a lokacin, ba ni da aboki na gaske, wannan hirar ita ce gidana.

Da mutanen daji suka addabi yankin, sai labarin ya sauya. Wata rana ta gaya mini yadda 'yan bindiga suka iske mijinta a gona dab da girbin dawa, ita kuma ta kai masa abinci. Babbansu bai daka tsawa ba. Zama ya yi a kan kunyar gona, ya buɗe kwanon, ya yi loma biyu, ya yaba miyar, sannan ya ce wa mijin a hankali, "Baba, gonar taka ce, amma ranar girbi tamu ce." Ta ce ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba.

Ba a daɗe ba aka ba ni shugaban 'yan bindiga a wani fim mai dogon zango. Darakta yana so in yi ta ihu ina harba bindiga sama. Na ce masa ba haka suke ba, a kawo mini kwanon tuwo. Na zauna, na buɗe, na yi loma biyu, na yaba miya, na faɗi maganar nan yadda take. Mai kyamara ma ya manta bai kashe ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Rabon da in ji ni ɗan wasa ne na gaske har na manta. Aka yanko wurin, ya yi ta yawo a wayoyin mutane.

Damina ta zagayo, suka kashe mijin a wannan gonar.

Na kama hanya daga Kaduna, muka yi rabin yini muna jiran rakiyar sojoji, sauran tafiyar kuma a kan babur cikin taɓo. A ƙofar gida dattawa suka matsa mini a tabarma, liman ya ba ni hannu. Kowa ya san wasa wasa ne. Samari dai suna ta satar kallona suna sunkuyar da kai, ni kuwa na ɗauka kwarjinin ɗan fim ne.

Na shiga ciki na same ta a ɗaki cikin takaba, ta rame. Na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta tambaye ni hanya, ta sa aka kawo mini ruwa. Sai da ɗakin ya rage mu biyu ta ce an nuna mata a waya, har loma biyun. Na fara cewa na yi ne don duniya ta san halin da suke ciki. Ƙarya nake yi, kuma wadda ta goye ka ba ka yi mata irin wannan ƙaryar ta shige.

"Auta," ta ce, "wata shida samarin garin nan suna maimaita maganar nan a majalisa suna dariya. Ba su san da wa aka yi ta ba. Shi kuwa marigayin sai ya tashi ya shigo gida ya zauna. Ya san mu biyu ne a gonar, ya san ta bakin wa ta fita. Har ya koma ga Allah bai ce mini uffan ba."

 Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ta yafe. Na yarda ta yafe ɗin, domin ba ta iya riƙo ba. Amma magana zarar bunu ce.

Na zauna har aka yi sadakar uku. Da safen da zan tafi ta ƙulla mini daddawa da kuka a leda, ta rako ni iyakar bakin ɗaki. Na ga hankalinta ba a kwance yake ba, dawa na gona, babban ɗanta kuma yana ta kai da kawo da wasu baƙin fuskoki. Na ce, "Yaya, yanzu yaya za ku yi da girbi? Mutanen dajin sun aiko ne?"

Ta dube ni. Na ga maganar ta zo mata har baki, na kuma ga ta mayar da ita.

"Lafiya lau muke, auta," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."