Allurar Man Motar Baba

Allurar man motar Baba ta daɗe a kwance, ko da tanki cike yake. Makaniki a Jibiya ya ce wani abu ne ya maƙale cikin tankin, Baba kuwa bai gyara ba. Sai dai ya jijjiga motar daga gaba, ni in kara kunne a bakin tanki, in ce, "Baba, da saura."

Bayan rasuwarsa na tsaya a Magama, dab da iyaka, ban sani ba ko man zai kai ni Maraɗi wurin gwaggona. Na jijjiga motar da duk ƙarfina, na ruga baya na kara kunne. Kafin in isa, man ya riga ya yi shiru.