Ranar da Kakana Ya Tsare Rumbu da Tanka

Abubuwa da yawa sun shige ni a duniya, wasu ma in an tuna mini sai in yi musu. Amma ranar da kakana ya karɓi akwatin wasan tanka daga hannuna a ƙofar gidanmu da ke cikin Birni, a Damagaram, wannan kam ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe mini ido.

Shekarar fari ce. Ruwa ya ɗauke gero na tsaka da ɗaukar ciki, fara kuma ta zo ta share ɗan abin da ya rage. Ina da shekara goma sha huɗu, ina zuwa lakwal, wato makarantar boko, kuma in faɗi gaskiya ba wani hankali ne ya dame ni ba. Tuwo a gidanmu ya koma sau ɗaya a yini, kokon safe kuwa har kana iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Mutanen ƙauye suna ta kwararowa gari. Cikinsu har da Kaka, mahaifin Inna, wanda ya rufe gidansa a Dakusa ya taho da tabarma da buta da wani burgami na fatar akuya.

A zaure ya sauka, kuma burgamin nan shi ne matashin kansa. Mutum ne mai kunyar suruki, ba ya kai loma baki in Baba na gida, sai ya fita Inna take ba ni kwano in kai masa. Ni kuwa ba ya kunyata ko kaɗan. Da ya gan ni sai ya ce, "Ga abokina ɗan birni, wanda ya ɗauka a buhu gero yake tsirowa."

Abin da ke cikin burgamin gero ne, kamar tiya uku, an cakuɗa shi da toka don kada ƙwari su taɓa. Iri ne. Kaka ya ce daga hannun mahaifinsa ya gaje shi, gero mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya yi rowa yakan kai. Ya ce a ƙauyensu kowa ya dake nasa ya ci, wannan kaɗai ya rage. Akwai ranar da aka wayi gari babu ko ƙwaya a gidan, na ga Inna ta tsaya a bakin zaure tana kallon burgamin. Kaka ya dube ta ya ce, "Ƴar nan, ki yi haƙuri. In mun ci wannan, baɗi muka ci." Ta juya ta koma ciki. Ni na ji maganar, amma ta kunne ɗaya ta shiga ta fita ta ɗayan. A lissafina gero gero ne, in damina ta zo a sayi wani a kasuwa.

Hankalina yana wani wuri. Baffana, direban kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, ya kawo mini wani akwatin wasa da bai wuce tafin hannu ba. Yana da ɗan gilashi mai launin toka da madannai guda shida. In ka kunna sai ga tankarka ta yaƙi a ƙasa, tankokin abokan gaba suna gangarowa daga sama, tsakaninku katangu na tubali waɗanda harsashi yake gutsurawa. A can ƙasa kuma akwai wani ɗan ɗaki da aka kewaye da katanga. In aka harbe ɗakin nan wasa ya ƙare, ko tankarka tana da sauran rai. Duk samarin unguwarmu babu wanda ya taɓa wuce mataki na biyar, kuma ni ne mai riƙe da wannan kambi, ina tafiya ina buɗe kafaɗa kamar na ci yaƙin gaske.

Illar abin ɗaya ce, cin pil, wato batir. Huɗu yake ɗauka, ya shanye su cikin kwana uku. A shekarar da ake neman na koko, wa zan tunkara da zancen pil?

Ranar wata Juma'a Kaka ya tafi masallaci ya bar burgamin. Na kwance bakin, na ɗebi tiya guda, na hure tokar na zuba a leda. Don kada a ga ya rame sai na kwaso toka daga murhun Inna na cike gurbin, na ɗaure yadda na same shi. Har yabon kaina na yi a kan wannan dabara. Yanzu in na tuna sai in rufe fuska, domin ɗan birni ne kaɗai zai zaci manomi da ido yake auna geronsa.

Na kai wa mai tebur na bakin kwanarmu, wani siririn mutum ɗan Tirmini mai sayar da sukari da ashana da pil. Ya zura hannu cikin ledar, ya murza ƙwayoyin, ya kai hanci ya shaƙa. Sannan ya dube ni kallo mai tsawo.

"Yaro, wa ya ba ka wannan?"

"Inna ce," in ji ni, ko ƙifta ido ban yi ba.

Ya miƙo mini pil huɗu, na zuba a aljihu na ruga.

Kwana biyu na yi ina ɓarin wuta. Kaka bai ce uffan ba, wasansa da ni ma bai canza ba, sai na saki jiki na ce asirina ya rufu. A rana ta uku bayan la'asar muna zaune gindin dogon yaron ƙofar gida, abokaina sun kewaye ni, an sake fasa mini ɗaki a mataki na biyar. Na yi tsaki. Kaka da ke kan tabarma yana jan carbi ya miƙo hannu.

"Abokina, miƙo mini in ga abin nan da ke sa ka tsaki kamar tsohuwa."

Yara suka fashe da dariya. Na ba shi don mu sha kallo, kuma mun sha. Manyan yatsunsa da fartanya ta mayar kamar icce suna danna madanni biyu lokaci guda. Tankarsa ta yi juyi a wuri ɗaya, ta fuskanci ɗakinsa, ta sakar masa harsashi. Wasa ya ƙare tun ba a fara ba. Wani yaro har birgima ya yi a ƙasa.

Kaka bai yi dariya ba. Ya kawo gilashin kusa da ido. "Me ya faru? Ai ga motata nan da ranta."

"Kaka, ɗakinka ka harbe. In ɗakin nan ya faɗi shi ke nan."

"Ko motar tana lafiya?"

"Ko tana lafiya."

Ya jinjina kai. "To ashe ba ɗaki ba ne, rumbu ne. Sake kunno mini."

Na sake kunnawa, na nuna masa madannin tafiya da na harbi. Abin da ya yi sai ya ba mu haushi da farko. Mu in an fara, sama muke rugawa muna farautar tankoki, kowa na son ya kashe da yawa. Shi kuwa ya ja tankarsa ya ajiye ta a gaban rumbun, ya zauna. "Kaka, ka tafi mana! Ga su can!" Ya ce, "Me zan je nema? Abin da suke so yana bayana, da ƙafarsu za su zo." Haka kuwa aka yi. Duk wadda ta leƙo ta gabas sai ya juya a natse ya saki harsashi ɗaya, ta watse. Wadda ta biyo ta yamma ya bari sai ta fito fili sannan ya gama da ita. Ba ya harbi a banza, ba ya fasa katangar da ke kare shi, wadda mu muke rugurguzawa da kanmu cikin gaggawa.

Mataki na ɗaya ya wuce, na biyu, na uku. Dariya ta ɗauke. A na biyar, inda kullum ake kashe ni, tankoki huɗu suka taso masa lokaci guda, ɗaya mai gudu kamar an koro ta. Kaka ya matsa taku ɗaya, ya tare bakin hanya da jikin tankarsa, ya karɓi harbin da aka nufi rumbu da shi. Ransa ɗaya ya tafi. Sabuwar tanka na fitowa ya komo gurbinsa ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Sai gilashin ya yi walƙiya, ga mataki na shida.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Wuri ne da idon kowa a unguwar bai taɓa gani ba, da kogi a tsakiya, da duhuwar itatuwa inda tanka ke ɓuya. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo, wani mai keke ya tsaya ya leƙo ta saman kawunanmu. Babu mai tari. Ba ka jin komai sai ƙarar akwatin da numfashin yara. Tsoho mai rawani, wanda ko rediyo bai iya kamo tasha ba, yana zaune a tabarma ya kai mu na bakwai, ya kai mu na takwas, fuskarsa kamar mai gadin gona.

A tsakiyar na takwas tankokin suka fara dusashewa. Ƙarar ta yi ƙasa, gilashin ya koma fari. Yara suka yi ihun takaici.

"Me ya same shi?" in ji Kaka.

"Pil ne ya ƙare."

Ya miƙo mini akwatin, ya jawo ni kusa kamar zai gyara mini wuyan riga, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Ashe tiyar iri kwana uku take yi a hannunka. A hannuna gona take cikawa." Ya saki rigar. "Toka ba ta da nauyi, abokina. Kullum da asuba sai na ɗaga burgamin nan."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Tun ranar Asabar ya sani, ya ci gaba da yi mini wasa, bai gaya wa Inna ba, bai kunyata ni gaban yara ba. Ban san lokacin da na tashi da gudu ba. Ina gudu ina kuka, domin na san abin da zan tarar. Kwana uku, a shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa don ƙwayar hatsi, wace tiyar gero ce za ta kwana ba ta ga turmi ba?

Na iske mai tebur a wurinsa. A bayansa ƴaƴansa biyu suna zaune a ƙasa da ƙwarya a tsakaninsu, suna cin anza, ƴaƴan icen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwanaki kafin su ciwu. Ƙaramar gashinta ya yi ja, wuyanta kamar zare. Na tsaya a gaban teburin.

Ya sunkuya ƙarƙashin teburin ya jawo ledata, a ɗaure. Har ya sake barbaɗa mata toka.

"Na san za a zo," in ji shi. "Tun da na ji ƙanshin toka na san ba na ci ba ne. Na karɓa ne don kada ka kai wa wanda zai daka. Kai wa tsoho kayansa, ka gaishe shi."

Na dubi ledar, na dubi yarinyar. Ya ga inda idona ya tafi. "Ni ma ɗan manomi ne," ya ce, ya juya yana jera ashana.

Kaka ya karɓi ledar ya ɗaga ta a tafin hannu. Sannan ya tambaye ni wane ne mutumin, ya sa takalmi ya tafi da kansa. Daga nesa na hango su sun riƙe hannun juna sun daɗe. Da ruwa ya sauka na bi Kaka Dakusa na yi shuka karo na farko a rayuwata, yana sara ina jefa ƙwayoyi ina rufewa da diddige. Maƙwabtansa uku suka samu abin shukawa daga burgamin nan. Da kaka ta yi, damin farko da aka ɗaure ni aka ɗora wa a mota, aka ce in sauke shi gaban teburin ɗan Tirmini.

Akwatin wasan ban sake sa masa pil ba, kuma har yau ban san abin da ke mataki na tara ba. Yanzu gyaran waya nake yi a kasuwa, yara na kawo mini wasannin yaƙi masu launi da ƙara, ina kallonsu suna rugawa gaba suna barin gida a buɗe, sai in yi murmushi don na san mai irin halin. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne a kowane gida akwai abin da ba a taɓawa komai tsanani, kuma jarumi shi ne wanda ya tsaya a gabansa. Na ga mutum biyu sun yi haka a yini ɗaya. Kakana ya tsare nasa, na yi mamaki. Ɗan Tirmini kuwa na wani ya tsare, kwana uku, ƴarsa na cin anza a bayansa.