Ƙafa Ɗaya a Bas

Duk kun yi kuskure game da Baba Kamasho, gara in faɗa yanzu kafin Alhaji Mudi mai shagon kayan miya ya manna hotonsa a ƙofa. Tun ranar sadakar uku nake jin wai marigayi masoyin bas ne, maƙiyin tiram, jirgin nan mai bin titi da ake son kawo mana, saboda haka duk mai ƙaunarsa ya zo taron Asabar a ƙi maganar gyaran Stockport Road. Ƙarya ne. Kakana ne, bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa, ban taɓa jin ya yabi bas ba. Akurki mai bene yake kiranta. Abu ɗaya ne ba ya iya gani ya yi shiru: mota ta tashi alhali ga mutum can yana ɗingishi yana ɗaga hannu.

A tashar mota a Kano ya yi ƙuruciyarsa. Ya ce shi kwandasta ne ba ɗan kamasho ba, amma sunan ya biyo shi har nan Longsight, unguwarmu a ƙasar Turawa. Kawu Bashir ya ɗauko shi bayan rasuwar kakarmu, wai ya huta. Bai huta ba. Ya sami bus stop ɗin da ke kusa da shagon Mudi, ya raɗa masa suna tasha, shi ke nan ya kama aiki. Kullum da safe yana wurin, babbar riga a kan suwaita biyu, hular sanyi a ƙarƙashin zanna. Bas na tsayawa sai ya waiga. In ya hango wani yana tahowa, sai ya ɗora ƙafa ɗaya a matakala, ɗaya a ƙasa, ya fara gaida direba. Ƙofa ba ta rufuwa a kan ƙafar tsoho.

Gaisuwarmu ce cif, ya juye ta a Turancinsa. "How is the sleeping? How is the tiredness? How is the cold? Madam? The children?" Sai mai tahowa ya iso ya shiga, sannan ya janye ƙafa, ya bubbuga jikin bas sau biyu, wato a tafi. Shi ba ya ma shiga. Ba inda za shi.

Ni ce ke cikin bas ɗin ina cizon leɓe. A shagon takalma nake aiki a Stockport, manajarmu kuma ba ta san wani abu wai shi gaisuwa ba. Yanzu haka ina kan gargaɗi na ƙarshe: in na ƙara makara, in nemi wani wuri. Rabin makarar gosulon titin nan ne, rabi kuwa kakana ne da ƙafarsa.

Wadda ya fi tsayar wa mota ita ce Mama Ladi, maƙwabciyarmu mutuniyar Zonkwa, mai ciwon gwiwa. Mijinta yana gidan kula da tsofaffi, tun da hankalinsa ya gushe ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nata. In bas ɗin safe ta wuce ta, kafin ta isa an kwashe kwanuka, ya wuni da yunwa. Kun san bas ɗin titin nan, sai su zo a jere kamar 'yan rakiyar amarya, sannan shiru har ƙafarka ta mutu. Wata rana ta fito a makare ƙwarai, tana can wajen kwana, gaisuwa kuma ta ƙare wa Baba. Ya tambayi mata, ya tambayi yara, ya tambayi surukai. Direban, wani Bature mai jan gemu, ya kai hannu zai rufe ƙofa. Sai na ji kakana ya ce, "And the dog?" Mutumin nan fuskarsa ta washe. Ya ja birki, ya zaro waya, ya shiga nuna hotunan karensa, ga shi a bakin teku, ga shi da rigar sanyi. Baba, wanda in ya ga kare yake tsallake titi, ya sunkuya yana kallo yana cewa, "Allah ya raya. Allah ya yi masa albarka." Har Mama Ladi ta shiga ta zauna ba su gama ba. Daga ranar Jan Gemu ya koyi amsawa, in an ce masa tiredness sai ya ce "bagajiya".

Kada ku ɗauka kullum daidai yake yi. Akwai ranar da ya hango wani yana sheƙa gudu, ya sa ƙafa, ya riƙe mu muna cike maƙil. Mutumin ya iso, ya wuce mu fiu da gajeren wando, ashe motsa jiki yake. Baba ya bi shi da kallo, ya ce min ta taga, "Amarya, ki ga ƙato da gemunsa, ba abin da ya koro shi, ba abin da yake bi." Na ce, "Tsoho, in aka kore ni kai za ka ciyar da ni?" Ya ce ai da ma shi ne angon, in kawo tukunya. Ranar na karɓi gargaɗin farko. Da daddare na ƙi kai masa shayi, ya aiko ƙanena ya ce a faɗa wa amarya ya sake ta, amma ta kawo shayin tukuna.

Maganar tiram kuma a Birmingham ta samo asali. Mun je suna a Small Heath, 'yar Kawu ta ce sai ta kai shi tsakiyar gari ya ga abin zamani. Ya ga tiram, ya ce jirgin ƙasa ne ya ɓata hanya ya shigo kasuwa. Muka shiga. Sai ga wata mata can tana jan yaro da hannu ɗaya, keken jariri da ɗaya. Baba ya nufi gaba zai gaida direba, ya tarar da shi a kulle cikin gilashi, ya ba mu baya. Ya ƙwanƙwasa, ya fara how is the sleeping. Ƙofa ta yi ɗan kukanta ta rufe kanta, muka tafi, matar na tsaye tana kallonmu. Muka kama hanyar gida. Ya ce, "Abin nan yana da kyau, yana da sauri, amma ba shi da kunne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Shi ne kuke ta yawo da shi yanzu kamar wasiyya.

Ka tuna, Alhaji Mudi, ranar da kuke gardama da Kawu Bashir a shagonka? Kawu yana cewa tiram ce maganin titin nan, kai kana cewa in aka hana fakin kasuwa ta mutu. Motarka tana waje a kan layin bas, fitilu na ƙyaftawa, wai minti ɗaya za ka sauke doya, bas kuwa sun yi layi a bayanta har wajen masallaci. Kuka ce Baba ya raba gardama. Ya ce ku kawo bas, ku kawo tiram, ku kawo jirgin sama in kun ga dama, duk sai sun jira Mudi ya sauke doya. Kowa ya yi dariya, har kai. Motar ba ta motsa ba.

Ba za ta motsa ba kuma. Tun ina makaranta ake cewa za a gyara titin nan. A zo da zane, a yi taro, a sha lemo, a watse. Masu shago ba za su bar fakin ba, masu mota ba za su bar mota ba, mu da ba mu da ko ɗaya mu tsufa a kujerar bas muna kallon naman shaguna ta taga. Ni na fi son tiram, ban ɓoye ba, amma na daina sa rai zan gan ta da haƙorana.

Abin da ba ku sani ba shi ne yadda ya bar tasha. Farkon sanyin nan yana da ganin likita, karo ɗaya da shi ma yake buƙatar bas da gaske. Ya ƙi a kai shi a mota. Ƙafarsa ta riga ta yi nauyi, yana tafe yana hutawa, ya ɗaga sanda, bas ta rufe ta tashi. Ba Jan Gemu ba ne, sabon direba ne, ba kuma wanda ya sa ƙafa. Ta ɗan gusa kaɗan sai gosulo ya riƙe ta. Mama Ladi ce ta gani ta ba ni labari: ya lallaɓa ya cim mata, ya tsaya a bakin ƙofar, ya ƙwanƙwasa, ya fara gaisuwa ta gilashi. Direban ya girgiza kai ya nuna masa tashar can baya, wai doka ta hana buɗewa in an bar tasha. Suka tsaya haka, bas ba ta tafi ba, ƙofa ba ta buɗe ba, tsoho yana tambayar madam da yara, mutanen ciki suna duba waya.

Da na dawo aiki na same shi a falo da rigarsa bai cire ba. Na ce ango ya asibiti. Ya ce, "Amarya, yau bas ta zama tiram." Na yi dariya, na zaci wasa ne. Bai sake fita tasha ba. Ban ce wannan ne ya kashe shi ba, zuciyarsa ta daɗe tana ba shi notis. Ranar jana'izarsa ma sai da motar gawa ta tsaya cak, saboda masu zuwa salla sun yi fakin biyu-biyu. Wasunku na karanta wannan.

Allah ya ji ƙanka, tsohona. Yadda ka riƙe wa mutane ƙofa, Allah ya sa ka tarar da taka a buɗe, da mai amsa maka gaisuwa.

Jiya da safe ina benen bas na hango Mama Ladi a kwana, da kular abinci, tana ɗaga hannu. Muka tafi. Da yamma na tambaye ta, ta ce ba komai 'yata, maigidan ya ɗan sha ruwan shayi da la'asar.

Ba zan zo taron Asabar ba, kada kuma in ga hoton kakana a ƙofar kowa. Na tsani doguwar gaisuwa, kowa ya sani, ko a waya ba na wuce ina wuni. Manaja kuma ta riga ta faɗi nata. Amma gobe zan tsaya a ƙarshen layi, in ɗora ƙafa ɗaya a matakala. In Jan Gemu ne, da kare zan fara.