Kawu Kalman Mai Sauraron Rufin Tasha

Kullum kafin jirgin ƙasa na ƙarfe shidan safe ya shigo, Kalman Bereczki ya riga ya hau tsani. 'Yar guduma a hannu, igiya a ƙugu, yana bin ƙarafan da suka tallafe rufin gilashin babbar tashar birninmu, yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Shekara talatin da takwas ke nan. Rufin kuwa ya haura shekara ɗari da arba'in, ya ga yaƙi biyu, har yau akwai ginshiƙai masu tabon harsashi. Mu da muke wucewa a ƙasa da jakunkunanmu ko ɗaga kai ba ma yi.

Piroska mai tuyar langos, wani irin fanke, a bakin layi na huɗu ba ta manta wata safiyar Litinin ba, bayan an kwana uku ana zuba dusar ƙanƙara. Ya sauko fuska ba annuri, ya wuce kofin da ta saba ajiye masa, ya ja igiya ya tare layin gaba ɗaya.

Shugaban tasha ya iso yana haki. "Kawu Kalman, ka san mutum nawa ke jiran jirgin nan?"

"Na sani, yallaɓai. Ƙarfen can bai amsa mini daidai ba."

"Tsagewa ka gani?"

"Ban gani ba. Ji na yi."

Wani fasinja ya ce, "To tsoho, sai mu je wurin aiki mu ce ƙarfe ne ya yi maka raɗa?" Aka kwashe da dariya.

Bai kwance igiyar ba. Aka karkatar da jirage, mutane na ta tsaki, har azahar ko ƙusa ba ta faɗo ba. Yana zaune a benci, ido a sama.

"Piroska," in ji shi a hankali, "in kunnen ne ya tsufa fa?"

"Ci abincinka, Kawu. Kunnen da ke jiyo gulmata daga saman rufi ai da sauransa."

Bai iya ci ba. Sai wajen ƙarfe uku injiniyoyi suka hau, suka kankare fenti, suka tarar da tsagewa mai tsawon kamu guda daidai mahaɗar ƙarfen. Ranar da aka zo sauke shi, a sama ya rabe biyu. Wata biyar layin na rufe, babu jaridar da ta ambaci sunan Kalman.

Kawu Kalman, kai ne ka yarda a mai da kai abin dariya don mu koma gida da ƙafafunmu. Kai ne ka tsaya kan abin da ka ji, alhali kai kanka zuciyarka na ɗar-ɗar.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi tsani. Har yanzu ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba. An ce za a maƙala na'urorin sa ido kan ƙarafan da bazara, amma tsakaninmu da bazara akwai hunturu guda. Matarsa Jolan ta ce da ya ga hadari sai ya kasa zama.

Mun gode, Kawu Kalman. Ku kuma masu ƙarfin gwiwa, ku same shi tun yana nan ku koya, domin abin da ya sani ba a rubuce yake ba. Saura kwana goma sha tara.